Kwana Goma Sha Biyu a Turke

Musaya muka yi, ni da Kawu Maiwada.
Shi ya kwanta ɗakina a Ƙofar Ƙaura,
auduga manne a idon hagu, an kankare masa yana.
Ni na ɗauki hutun ƙarshen shekara
na sauka gonarsa, bayan Sandamu,
da bargo ɗaya da takalmin ofis
wanda tun kafin la'asar ya gane ba a gida yake ba.

Dawaki uku ya bar mini, da magana kaɗan:
"Kar ka zo ma Akawal ta baya.
Dukushin ɓarawo ne, ɗaure bakin buhu.
Ita kuwa Tsohuwa,
in ta ƙi ci, kai ma kar ka ci."

Sanyin asuba a nan ba ya sallama.
Ta yatsun ƙafa yake shigowa
ya zauna a gwiwa kamar mai bin bashi.
Igiyar guga ta yanka mini tafi,
hannun da ya shekara tara bai ɗaga abin da ya fi hatimi ba.
Na cika komi, suka sa baki,
tururi na tashi daga hancinsu
kamar tukwane uku a murhu ɗaya.

Na koyi harawar wake daban, ta gyaɗa daban.
Dusa sai an yayyafa mata ruwa.
Kanwa ɗan gutsure ake sa wa, ba dunƙule ba.
Kaskar da na zaro ƙarƙashin geza
na jefa ta garwashi, ta ce ɗas.
Kashi kwando huɗu kullum
zuwa inda gero zai tsaya da damina.
Ba wanda ya ce in dawo gobe.
Waya na rataye a reshen gawo,
can kaɗai take jin duniya,
ni kuwa ban cika zuwa tambayarta ba.

Dare na bakwai Tsohuwa ta ƙi dusa.
Ta waiga ta dubi cikinta, ta tona ƙasa, ta nemi kwanciya.
Gwaggo Hajjo ta fito da fitila, zane biyu a ka:
"Kar ka bari ta yi birgima. Ja ta. Ku yi ta tafiya."
Na kama ragama.
Muka zaga turke, muka zaga rumbu,
muka zaga karan dawa da aka jingine,
muka koma turke.
Kaza da 'ya'yanta suka karkata yamma, muna tafe.
Don kar barci ya kayar da ni
na shiga yi mata hira:
bashin da ban faɗa wa kowa ba,
kujerar da aka ba wani,
ranar da na iso an riga an kai babana.
Kunnenta ɗaya na wajena.
Ɗayan ban san wa take saurare da shi ba.

Ana shirin kiran farko ta tsaya cak,
ta ɗaga wutsiya,
ta saki iska doguwa, ba kunya ba neman gafara.
Gwaggo ta ce alhamdu lillahi.
Ban taɓa jin albishir mai wari
da ya yi mini daɗi haka ba.

Da hantsi gawo ya yi ƙara.
Kawu bai gaishe ni ba. "Ba ni ita."
Na kara mata wayar a muƙamuƙi, tana kan harawa.
Ƙurus. Ƙurus. Ƙurus.
Can Katsina, tsoho da ido a rufe
ya yi shiru har kuɗin kira ya kusa ƙarewa.
"Ta dama take tauna. Ta warke.
Kai fa, ka ci?"
Sai a lokacin na tuna.

Jiya aka cire masa auduga.
Na dawo ofis, hatimi na yi mini zafi a tafi.
Bargon yana ƙasan gado, da warin doki.
An ce in bayar a wanke.
Na ce to.