Kada Ka Soke Mini Matakala

Ƙarfe tara na dare a Valparaíso.
Jiragen kaya sun kunna fitilu a gindin tudu,
ni kuwa ina ɗakin ƙasa na asibiti,
sanyin na'ura yana cizon yatsuna,
takarda a cinya, fensir a bayan kunne.

Tsohon rumbun bayanai ya fara tari.
Jiya faifai na bakwai ya kunna jar fitila,
shekaranjiya na uku.
Shekara tara yana haɗiye hotunan ƙirji da na ƙashi,
bai taɓa cewa ya ƙoshi ba sai bana.

Na ƙirga abin da yake ci a shekara,
terabait ashirin da biyu.
In sabuwar na'urar hoto ta iso daga Santiago, a ninka.
Na buga sau biyar, na ɗora rabi a kai,
don likita ba ya share komai,
ko hoton da ya fito dishi-dishi.

Faifai iri biyu na taras a kasuwa.
Mai juyawa, ga ciki ga arha, sai nawa;
da wanda babu abin da ke motsi a jikinsa,
ka kira, ya amsa kafin ka rufe baki,
amma in an faɗi kuɗinsa sai ka nemi kujera.
Na ba masu saurin aikin wannan wata,
ɗakin gaggawa bai san jira ba.
Na bara da na bara waccan su kwanta kan masu juyawa,
biyu kuma su zauna a gefe, hannu rabbana,
har ran da wani zai faɗi.

Da safe Baltasar Quezada, mai riƙe da lalita,
ya sauke tabarau kan hanci.
"Ximena, me ya sa komai biyu-biyu?
Kwanturola biyu, suwic biyu,
kowace saba da wayar gilashi biyu.
Tagwaye kika haifa?"
Ya ja jan layi a kan suwic na biyu.

Ban ce masa arha ba ta ado ba,
ya riga ni ji.
Na ce, "Gidanka a saman tudu yake.
Ran da keken da ke hawa da ku ya tsaya,
ta ina ka koma gida?"
Ya ce, "Ta matakala. Ɗari da sittin da huɗu,
da buhun albasa a kafaɗa."
Na ce, "To kada ka soke mini matakala."

Ya yi shiru yana juya alƙalami.
Ya mayar mini da suwic,
ya zabtare huɗu daga fayafayai masu sauri.
Na so in yi magana, na haɗiye.
Takwas za su kai mu baɗi, in an lallaɓa.

Mako bakwai, akwatuna suka sauka.
Eleuterio ya huda siminti, ya ɗaure durowar ƙarfe da noti,
ƙasar nan takan yi miƙa ba sallama,
kuma tun ran gini ran zane.
Shuɗin waya ta hagu, ruwan goro ta dama,
kowace da lantarkinta, kada su sha ruwa rijiya ɗaya.
Sau uku na sake lambobin da ya manna,
ya ce ina da fitina. Ban musa ba.

Ƙarfe uku na daren Talata
na kama shuɗiyar waya, na zare ta da gangan.
Zuciyata ta buga sau huɗu.
Fitilun dama suka hau ƙiftawa, kaya ya koma kansu.

A bene na uku wata likita
ta buɗe hoton huhun jariri,
ta duba, ta kurɓi shayinta da ya huce.
Na kira na tambaya ko ta ga wani abu.
Ta ce, "Kamar me?"
Na mayar da wayar, na tafi neman burodi.