Zazzaɓin Ɗari

A cikin gari lafiyarta ƙalau,
daga Tudun Wada har Kwangila ko tari ba ta yi.
Sai na ɗau hanyar Kaduna,
allura na taɓa ɗari
sitiyari ya kama kyarma a hannuna
kamar mai zazzaɓin damina.
In ɗaga ƙafa, ta yi tsit kamar ba ita ba.

Wani ya ce fulogi, na canza.
Wani ya ce shokzoba, na canza.
Goggona ta ce baki ne, a yi sadaka.

Tanimu na Muciya ko bonet bai buɗe ba.
"A ina take kama ka, tafin hannu ko mazauni?"
Na ce hannu.
"Sai ka taka birki?"
Na ce a'a.
"To ciwon na ƙafar gaba ne."

Ya sa jak, ya juya tayar hagu,
ya kasa kunne kamar mai jiran tukunya ta tafasa.
Boris bai yi kuka ba, noti duk a ɗaure.
Ya shafa bakin wili, yatsansa ya tsaya:
ɗan gurbi fari, inda dalma ta zauna
kafin ramin Gwargwaje ya fizge ta.

Abin bai kai ƙwallon dabino ba.

Yau na wuce Jaji a ɗari da goma,
ruwan gorata ko motsi.
Tsofaffin shokzoba na kwance a but,
lafiyarsu ƙalau, suna jiran mai saye.