Akwatin Mushe Tankari

A lisen Maraɗi, ajin ƙarshe,
ya shigo da alli a aljihu, goro a kumatu,
ya rubuta a allo: Magana ba ta da uba.
Ya kaɗe hannu ya ce, "Ku kwashe."

Mun kwasa. Ni na fi kowa cika ƙwarya.
Ya ce waƙa gyaɗa ce,
fasa ɓawo, ci ƙwaya,
ba ruwanka da wanda ya noma ta a Tibiri,
ko mai salla ne, ko bashi ya ci ya gudu.

Malaman zaure suka ce ya ɓata yara,
masanan Yamai suka ce ya buɗe ƙofa.
Mu kuwa muna biye da shi har bakin gulbi,
yana nuna ruwa da sandarsa:
"Wa ya haifi wannan? Jibiya ko hadari?"

Shekara talatin ina rabon maganarsa
daga Dakoro har Gidan Rumji.

Bayan sadakar arba'in
'yarsa Tsahara ta aiko yaro.
Akwatin ƙarfe, gara ta ci rabi,
rabin da ta bari shi ya cinye ni.
Takarda huɗu, bugun tafireta, da Faransanci,
zuwa ga kwamandan, zamanin da bango ke da kunne.
Waƙar Illa tela ce aka feɗe har wutsiya:
"Kura a baiti na uku, ku ake nufi.
Rijiyar da ta ƙafe, baitulmali ce.
Mai waƙar yana ɗinki a bayan tasha."
Babu sa hannu.
Amma na san lanƙwasar da yake wa ƙ da biro,
kamar ƙahon rago, ta koma hagu.

Ashe ran nan magana tana da uba,
har da lambar shagonsa.

Shin tsoro ya haifi darasin,
ko darasin ne zanen da ya yafa wa tsoro?
Kaifin da ya yanka mana nama
shi ne ya yanki Illa, shekara bakwai.

Na je bayan tasha da la'asar.
Tsoho na taka keke, bakinsa babu haƙori,
zare a leɓe, tabarau ɗaure da tsumma.
Na fara magana, ya ɗaga hannu.
"Na sani tun kafin ka yi gemu.
Wa ke karanta waƙa haka a garin nan, in ba shi ba?
Kowace salla nan yake ɗinka riga,
ya biya ninki biyu, idonsa a ƙasa.
Ban taɓa ba shi canji ba."

Gobe da ƙarfe takwas ina da aji.
Allin na aljihuna.
Tun ɗazu nake juya shi
har ya ɓata mini riga.