Baƙo Raɓa Ne, In Ji Masu Magana

Biyar da rabi na asuba ina mahautar Jos,
sanyi na cizon yatsuna ta cikin safar roba.
Tanimu ya daina tambayar abin da nake nema.
Yakan ɗaga hanta kamar ungozoma da jariri,
ya tsaga ta da bakin wuƙa,
ya ce, "Malama Chundung, ga mutanenki."

Sai su fito, masu faɗi, masu santsi,
kamar ganyen magarya da ya kwana a ruwa.
Ba ido, ba ƙafa, ba sallama.
Na ƙirga arba'in da ɗaya a saniya guda,
ta arba'in da biyu ta naɗe a yatsana
kamar mun saba.
Hantar ta tafi bokitin asara.
Wani yaro ya ce ai tsutsar nama ma nama ce,
ba wanda ya yi dariya.

A ɗakin bincike aikina kashin shanu ne.
Uwata na gaya wa matan coci 'yarta likita ce,
daga nan ba ta ƙara bayani.
In auna, in dama, in tace,
in jira ya kwanta, in ɗiga shuɗi,
in sunkuya a kan madubi.
Ga ƙwai nan, ruwan zinariya,
kowanne da ɗan murfinsa kamar tukunyar yaji.
Abin haushi, suna da kyau.

Na san hanyarsu fiye da hanyar gidanmu:
daga kashi zuwa ruwa,
daga ruwa zuwa cikin 'yar katantanwa
a bakin tsofaffin ramukan kuza,
waɗanda kakana ya haƙa, aka biya shi da sulalla,
damina ta cika su, shanu suka sami mashaya.
Daga can su hau ciyawa, su manne, su jira.
Haƙurinsu ya fi nawa.

Baƙo raɓa ne, in ji masu magana.
Wannan tare da raɓar ya shigo,
rana ta take, bai tashi ba.
Ba ya gaggawar kashe mai masauki,
wa ke cinna wa rumbun da yake ci wuta?
Kurɓa yake kaɗan-kaɗan
har ƙwaryar tatsa ta daina cika,
haƙarƙari ya ƙirgu daga nesa,
ruwa ya taru ƙarƙashin haɓa.

Jauro Hammadikko, can bayan Kuru,
sau uku yana ɗura wa Saige magani.
Ya ajiye kwalaben a gabana:
"Su ne suka saba da shi,
ko kuwa alli aka dama aka sayar mini?"
Na ce ban sani ba tukuna.
Ya ce, "Damina shida kina bin bayan shanuna da cokali."
Na kai shi ga madubin, ya rufe ido ɗaya,
ya daɗe bai ɗago ba.
"Wannan ɗan abin?" Ya sake leƙawa.
Da zan tafi ya cika mini gora da nono,
ko da yake ƙwaryar ba ta kai rabi ba.

Na maƙala wa Saige lamba a kunne,
ɗari biyu da sha bakwai,
na ce ya ba ni wata biyu.

Yau Talata. Tanimu ya ɗaga wata hanta,
ta yi tauri, wuƙa na ƙara a cikinta kamar a yashi.
A gefe, cikin kawunan da aka jera,
ga kunne, ga rubutun hannuna.
Saura kwana tara wa'adin ya cika.

Na buɗe littafi, biro ya ƙi ci don sanyi.
Na hura masa numfashi.
"Nawa?" in ji Tanimu.
Na ce riƙe mini fitilar,
ban gama ƙirgawa ba.