Shafi Guda

Ƙarfe takwas Balaraba ta ɗaure takalmi,
ta rataya katin asibiti a wuya,
ta ce, "Maganin Habibu yana saman firij,
kada Mardiyya ta kwanta da jiƙaƙƙen kai."
Ƙofa ta rufu. Sheffield na ta yayyafi,
irin ruwan nan da bai iya zuba ba, bai iya ɗaukewa ba.

Na yi wa kaina alkawarin shafi guda.
Guda tak, a kan rijiyar gidanmu ta Gumel,
yadda guga ke daɗewa cikin duhu kafin ka ji ya ce ɓam.
Na rubuta "rijiyar", na ɗaga alƙalami,
sai kuka ya sauko daga bene:
haƙori ne ke huda dasashi, bai san dare ba.

Matakala goma sha uku. Ta bakwai tana ƙara,
nakan tsallake ta kamar wutsiyar kare mai barci.
Na saɓa yaro a kafaɗa, muka yi ta zagaye ɗaki,
yawunsa na bin wuyan rigata,
jimlar da na bari a ƙasa tana hucewa
tare da shayin da na zuba tun magariba.

Da safe rigimar safa ce.
Mardiyya ba ta son shuɗiya, ja kuma ƙafa ɗaya ta ɓace.
Na tura keken jariri a hawan tudun unguwarmu,
iska na mari, numfashi na hayaƙi,
kuma a nan, a bakin ƙofar makaranta,
layin da na yi wata biyu ina farauta
ya zo da ƙafarsa, ko sallama babu.
Na laluba aljihu, sai rasit ɗin madara.
A bayansa na rubuta, a kan gwiwa, a tsugune.
Ranar Asabar injin wanki ya dawo mini da shi
tsaki-tsaki, manne da baƙin wando.

Inna ta kira, tana dariya har da tari:
"Wai da gaske kai ke goyo?"
Na ce, Inna, ke kina da Goggo, kina da maƙwabta,
ɗa na kowa ne a zaurenku.
Nan hannu huɗu gare mu,
kullum biyu suna barci ko suna bakin aiki.
Tsohuwar da ke jikin bangonmu mutuniyar kirki ce,
amma gaisuwarta ta taga ce, da yatsu uku.

Akwai daren da na ji haushi, ba zan ɓoye ba.
Na dubi kwanukan da ke jirana, na dubi littafin,
na ce da ni kaɗai ne, da tuni.
Ban ƙarasa ba. Kunya ta kama ni a gaban famfo.

Jiya na tarar an riga ni shiga shafin.
Ƙarƙashin kalmata an zana koriyar kyanwa
mai ƙafa biyar.
"Baba, mece ce rijiya?"
Na buɗe baki, na ga ba ta taɓa ganin
ruwan da sai an roƙe shi da igiya ba.
Muka cika bahon wanka,
na ɗaura igiyar takalmi a kofin roba,
ta zura, ta jawo, ta zubar, ta sake,
Habibu na tafi da hannu duk kumfa.
Sai da ruwa ya yi sanyi muka fito.

Balaraba ta shigo da hantsi, ido ja,
ƙamshin maganin asibiti na biye da ita.
Ta zauna a matakala ta biyu tana kwance takalmi.
"Ka yi rubutun?"
Na ce, kalma ɗaya, da kyanwa.
Ta ce, "To, madalla,"
ta jingina kai da bango.
Na cire mata ɗaya takalmin a hankali.