Gwangwani a Rumbu

Na ɓoye ƙwayoyin cikin gwangwanin madara,
can ƙasan rumbu, ƙarƙashin damin gero,
inda ɓera kaɗai ya san sirrina,
shi kuwa ba ya zuwa fada shan shayi.

In lokaci ya yi, in hau mota daga Gidimuni,
in ce iri zan sayo a kasuwar Dole.
A Damagaram ba wanda ya san ubana.
In zauna bisa benci, rawani har hanci,
in jira a kira ni.

Malama Zuwaira ta duba kati, ta dube ni:
"Tsahiru, kwana goma sha tara, ina ka shiga?"
Na ce ban ruwa ne a lambu.
Ban ce mata akwai safiyar da tabarma ke riƙe ni ba,
kamar yadda laka ke riƙe ƙafar sa a bakin tafki.
Ba zazzaɓi, ba ciwon kai.
Zuciya ce ta gurfana ta ƙi tashi.

Suna auna jini, su ƙirga abin da ke ciki.
Wa ke auna tsawon dare?

Sai na koyi wani magani a hannun yaron tasha.
In na haɗiyi tiramol uku,
in hau babur ba fitila,
in bi hanyar Miriya kamar mai bin bashi,
ina cewa wanda ya riga ya jiƙe
ina ruwansa da yayyafi.

Akwai daren kasuwa da na kwana inda bai kamata ba.
Ban faɗa mata ba. Ban sa roba ba.
Ko sunanta ban tambaya ba,
ga shi ita nake gani in na rufe ido,
tana ɗaura kallabi, tana ce mini sai wata kasuwa.

Jiya Habsu ta shiga rumbu ɗibar hatsi.
Ta daɗe.
Shiru irin na tsohuwar rijiya.
Ta fito da gwangwanin, ta zauna kusa da ni,
ta kwance haɓar zaninta,
sai ga irinsu a tafin hannunta.
"Tun awon cikin Ilu," in ji ta.
"Kullum bayan lisha, a madafi."

Shekara biyu, gida ɗaya,
kowa na gadin ƙofar da ɗan'uwansa ya riga ya shige.

Ban yi kuka ba. Akuya ce ta yi, a turke.
Habsu ta ɗebo ruwa a randa, moɗa ɗaya,
ta sha nata, ta miƙo mini.

Ranar Laraba tare za mu shiga birni.
Akwai maganar da zan gaya wa Malama Zuwaira:
ta tabarma, ta babur,
da ta matar nan da ban san sunanta ba.
Ban san ta inda zan fara ba.

Rake dai ya isa sara.
Da asuba zan wasa adda.