Wanzau Ya Rasa Masauki

A shafi na tamanin da huɗu na kashe shi.
Daren Laraba ne, an ɗauke wuta,
ina rubutu da fitilar waya
bisa teburin yankan yadi
a shagona na Mokoyo.
Mashi ya shiga ta haƙarƙari, jiki ya faɗi,
na ɗiga aya, na ajiye bik, na kwanta.

To amma ni ce na rubuta tun shafin farko
cewa irin su Wanzau ba sa ƙarewa.
An ƙera su tun ba a rataya wata ba,
jiki aro ne gare su, kamar rigar biki.
Riga ta yage. Mai rigar fa?

Da asuba na iske shi kan keken ɗinki,
ba nauyi, ba inuwa,
sai zare yana motsi ba iska.
Bai ce uffan ba.
Wanda aka raba da harshe
ya fi kowa iya tambaya.

Lahira ta masu ajali ce,
kuma ba ni da hurumin taɓa ƙofarta
ko da a takarda.
Sai na gina masa zaure ƙarƙashin teku,
ginshiƙi dubu, fitilu ba mai,
ya zauna can har duniya ta naɗe.
Da na sake karantawa, sai na ga tasha ce kawai,
fasinja ɗaya, mota ba ta cika.
Na yage.

Tankari mai buga mini takardu ya ce,
“Ke, ba shi sabon jiki mana!
Masu karatu suna son a dawo.”
Na ce, in kowace mutuwa tana da kome,
ashe mashin nan kara ne,
kuma hawayen shafi na tamanin da biyar
sai in mai da wa mutane canjinsu.
Abin da ban faɗa masa ba:
innata ta tafi bara da kaka,
zanenta na nan cikin kwalla, da ƙanshinta,
ba wanda ya ɗauki alƙalami ya maido ta.
Don me shi?

Kwana goma sha ɗaya yana bina.
Har na ɗinke hannun riga a bai-bai.

Ran Lahadi na gangara gulbi sayen albasa.
Rani ya yi nisa, yashi fari fat,
yara na buga ƙwallo inda kifi ya yi iyo.
Na ce wa Nomau mai lambu, “Gulbi dai ya mutu.”
Ya yi dariya, bai ɗago ba.
“Jikinsa ne ya wuce yamma.
Zo ki gani.”
Rami ne, bai kai tsayinsa biyu ba,
can ƙasa wani ido yana ƙifta mini,
sanyi, shiru, ba ya gaggawar zuwa ko’ina.
Ya jawo guga ya zuba wa tumatir.

Daren nan na rubuta:
Wanzau ya nutse ƙarƙashin ƙasar labarin.
Bai koma sarauta ba, bai rama ba,
sunansa ma ya narke.
Wanda ya tona da ƙishi zai sha,
ba zai san wa ya sha ba.
Har jikan mai mashin.

Ban sani ba ko ya yarda.
Ya bar kan keke, wannan dai na gani.
Amma jiya ina sa wa rigar Hajiya Tsahara maɓalli,
ƙofa rufe, fanka a kashe,
zaren ya ɗan karkata
kamar mai son a ƙara masa shafi.
Na ce, ka yi haƙuri,
Juma’a za ta zo karɓa.